Rif a Kiɗan Rok: Fitattun Kaɗe-kaɗen Jita da Yadda Ake Jera Su

Rif gajeren zubi ne na kiɗa, sautuka kaɗan da ake maimaitawa a cikin waƙa, a kansu ake ɗora murya da ganga. A kiɗan rok jitar lantarki ce ke ɗauke da shi, kuma sau da yawa da shi ake gane waƙa tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Wanda ya saba jin kuntigi ko molo ba zai sha wahalar fahimta ba, domin a can ma makaɗi kan riƙe zubi guda yana juya shi, waƙa na tafiya a bisansa. Rif daban yake da solo. Solo fage ne da ake ba makaɗi ya nuna gwaninta sau ɗaya a wuce, shi kuwa rif dawowa yake yi har waƙa ta ƙare.

Mujallun jita da gidajen rediyo a Ingila da Amurka sun daɗe suna fitar da jerin rif mafi girma. Matsalar mafi yawan jerin ita ce suna haɗa ma'auni biyu da ba ɗaya ba ne: wanda jama'a suka fi so, da wanda ya sauya yadda makaɗa ke kaɗa jita bayansa.

Asali

Daga bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, rif ya shigo rok. A 1948 John Lee Hooker ya fitar da "Boogie Chillen", waƙar da aka gina kan zubi guda na jita ba tare da sauya haɗin sauti (sautukan da ake bugawa tare) ba. A 1954 Muddy Waters ya rera "Hoochie Coochie Man" da Willie Dixon ya rubuta, inda makaɗa ke buga zubi su tsaya cak, murya ta cike gurbin. "Smokestack Lightning" ta Howlin' Wolf ta biyo a 1956. Waɗannan biyun na ƙarshe a kamfanin Chess na Chicago aka yi su, kuma faya-fayan wannan kamfani ne samarin Ingila suka riƙa saye suna kwaikwayo a farkon shekarun 1960. Da wuya a ga waɗannan waƙoƙi a sahun gaba na jerin da ake yi, alhali kusan duk wanda ke sahun gaban a wurinsu ya sha.

Kayan aiki da ginin rif

Jita tana da tsirkiya shida, ana ɗaure su a sautukan E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya. Mai kaurin ita ake kira ta shida. Ƙarafan da suka gitta wuyan jita sun raba shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana ɗaga sauti da rabin mataki. Galibin rif na rok a tsirkiyoyi uku masu kauri yake zaune.

Abu biyu ne suka ba rif na rok kamanninsa. Na farko kaushin sauti, wanda ke samuwa idan aka tura wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ƙarfin da ya fi wanda za ta iya fitarwa tsaf, sai sautin ya dakushe ya yi gurnani, ya kuma daɗe bai mutu ba. Na biyu haɗin ƙarfi, wato sauti biyu kawai: tushe da na biyar ɗinsa idan aka ƙirga sautuka sama daga tushen. Ana danna tsirkiya ta shida da manuniya a wata gaɓa, a danna ta biyar da yatsa na uku gaɓa biyu gaba. Dalilin da ya sa ake barin sautin tsakiya na cikakken haɗi shi ne, kaushi yana haifar da ƙarin sautuka daga gogayyar waɗanda aka buga. Girgizar tushe da ta na biyar suna tafiya kan lissafin 2 da 3, don haka abin da suka haifa yana jituwa da su. Da zarar an ƙara na uku sai sautin ya cakuɗe. Wannan siffa ta yatsu biyu ba ta canzawa, zame ta kawai ake yi sama da ƙasa, shi ya sa ɗan koyo kan iya fitar da waƙa a makonsa na farko.

Ƙuri'un jama'a

A 2004 masu karanta mujallar Total Guitar ta Ingila sun zaɓi "Sweet Child o' Mine" ta Guns N' Roses a matsayi na ɗaya. Bayan shekara goma, a 2014, masu sauraron BBC Radio 2 suka ba "Whole Lotta Love" ta Led Zeppelin wannan matsayi, "Sweet Child o' Mine" ta koma ta biyu, "Back in Black" ta AC/DC ta zo ta uku, "Smoke on the Water" ta Deep Purple ta huɗu. Irin wannan ƙuri'a tana nuna shekarun masu jefa ta da abin da suka ji a ƙuruciya fiye da yadda take nuna tarihi. Tana kuma saka abin da ba rif ba ne sosai. Zubin da Slash, makaɗin jitar Guns N' Roses, ya buɗe "Sweet Child o' Mine" da shi a 1987 ya samo asali ne daga wasan motsa yatsu, yana tsallake tsirkiyoyi a saman wuyan jita. Yana da daɗi ƙwarai, amma idan murya ta shigo sai ya janye, ba shi ke riƙe da waƙar ba.

Idan tasiri ne ma'auni

Wanda ya auna da tasiri, "You Really Got Me" ta The Kinks, ta 1964, ita ta cancanci sahun farko. Haɗin ƙarfi biyu ne kacal, F da G, a gaɓa ta 1 da ta 3, ana komawa tsakaninsu, bugu biyar a zubi guda. Makaɗin jitar ƙungiyar, Dave Davies, ya sa reza ya tsaga takardar lasifikar ƙaramar amfilifayarsa ƙirar Elpico don ya sami kaushin da yake nema. Ba shi ya fara lalata lasifika ba, Link Wray ya huda tasa kafin ya fitar da "Rumble" a 1958, kiɗan da wasu gidajen rediyon Amurka suka ƙi sakawa duk da babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Amma The Kinks ne suka nuna cewa haɗin ƙarfi mai kaushi zai iya ɗaukar waƙa gaba ɗayanta har ta hau matsayi na ɗaya a Ingila. Rok mai nauyi da fank (punk) duka ta wannan ƙofa suka bi.

Gabanta a shekaru akwai "Johnny B. Goode" ta Chuck Berry, 1958. Buɗewarta ya ɗauko ta kusan sauti-da-sauti daga abin da Carl Hogan ya kaɗa a waƙar Louis Jordan ta 1946, sai dai Berry ya riƙa danna tsirkiya biyu da yatsa ɗaya yana buga su tare, abin da ya ninka kaurin sautin. Wannan salo ne Keith Richards na The Rolling Stones da Angus Young na AC/DC suka gada. Waƙar tana cikin faifan zinariya da aka liƙa wa kumbunan Voyager a 1977.

"Satisfaction" ta The Rolling Stones, 1965, sauti uku ce: B, C mai ɗagi (rabin mataki sama da C), da D, wato gaɓa ta 2, ta 4 da ta 5 a tsirkiya ta biyar. Richards ya so a ce kayan busa ne suka ɗauki zubin, ya yi amfani da akwatin Maestro Fuzz-Tone, wanda ake takawa da ƙafa ya kausasa sautin jita, don ya kwatanta sautinsu kafin a kawo masu busa. Ba a kawo su ba, aka fitar da waƙar a haka, kuma daga nan akwatin taka-da-ƙafa ya zama kayan aikin kowane makaɗin rok.

Sai 1970 da Black Sabbath ta Birmingham. Makaɗin jitarta Tony Iommi yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya ƙera wa kansa murafun roba, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya a faifan "Master of Reality" na 1971 ya sassauta ɗaurin jitar da mataki ɗaya da rabi don rage zafi. Sassautawar ta sa sauti ya yi ƙasa ya yi nauyi, makaɗan metal, wato rok mafi nauyi, kuma suka mayar da ita al'ada. Waƙar da ke ɗauke da sunan ƙungiyar an gina ta kan G da D mai saukowa (rabin mataki ƙasa da D), tazarar gaɓa shida, wadda kunne ke ji kamar ba ta zauna ba. Jimi Hendrix ya riga ya buɗe "Purple Haze" da irin wannan tazara a 1967, amma ya wuce ta cikin daƙiƙu. Iommi ya zauna a kanta, a hankali, har ta zama waƙar baki ɗaya.

"Whole Lotta Love" ta 1969 ita ce inda ƙuri'a da tasiri suka haɗu. Jimmy Page na Led Zeppelin yana buga B da D sau biyu, sannan ya zauna kan E yana daka ta da gefen tafin hannu a kan tsirkiya. Abin da masu koyo ba sa lura da shi: D ɗin sau biyu yake fita lokaci guda, a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyar da kuma tsirkiya ta huɗu a sake, wato ba a danne ta ba, yana ɗan jan ta farkon don su yi saɓani kaɗan. Baitocin waƙar kuwa sun jawo ƙara daga Willie Dixon a 1985 saboda kamanninsu da nasa, aka sasanta a wajen kotu, sunansa ya shiga cikin marubutan.

Waɗanda kowa ya sani

"Smoke on the Water" ta fito a faifan "Machine Head" na 1972, tana ba da labarin gobarar da ta cinye gidan cacar Montreux a Suwizalan ranar 4 ga Disamba 1971, lokacin wasan Frank Zappa. Ita ce rif da aka fi koya, ita ce kuma aka fi kaɗawa ba daidai ba. Yawancin masu koyo a tsirkiya ɗaya suke yin ta, ko da haɗin ƙarfi. Ritchie Blackmore, makaɗin jitar Deep Purple, da sauti biyu masu tazarar huɗu (tushe da na huɗunsa) yake yin ta, yana fizgar tsirkiyoyin biyu da yatsu lokaci guda. Hanya mafi sauƙi ita ce tsirkiya ta huɗu da ta uku tare, lambobin kuwa na gaɓoɓi ne: a sake, 3, 5, a sake, 3, 6, 5, a sake, 3, 5, 3, a sake. Idan aka shafa su da robar kaɗawa, ɗaya kan riga ɗaya fita, kaifin ya tafi. Idan aka bar su suna amo tsakanin bugu da bugu, zubin ya narke, don haka tafin hannu ya riƙa kashe sautin bayan kowane bugu.

Wannan kashe sauti shi ne dukan sirrin "Back in Black" ta 1980, wadda AC/DC ta yi watanni kaɗan bayan rasuwar mawaƙinta Bon Scott. Haɗi uku ne, E, D, A, amma shirun da ke tsakaninsu ya kai su nauyi. 'Yan'uwan nan Malcolm da Angus Young ba sa cika kaushi kamar yadda ake zato. Wanda ya murɗa kaushi har ƙarshe zai ji amfilifaya tana tsuwa a wurin da ya kamata a yi tsit.

A 1991 aka sami biyu. "Smells Like Teen Spirit" ta Nirvana haɗin ƙarfi huɗu ce a gaɓa ta 1 da ta 4, ana komawa tsakanin tsirkiya ta shida da ta biyar, da karce-karcen tsirkiya a mace tsakaninsu, waɗanda in aka cire su zubin ya rasa tafiyarsa. "Enter Sandman" ta Metallica kuwa makaɗin jita Kirk Hammett ne ya kawo zubinta, mai ganga Lars Ulrich ya ba da shawarar a maimaita kashin farko sau uku kafin a rufe da na biyu.

A wannan ƙarni "Seven Nation Army" ta The White Stripes, 2003, ita kaɗai ta kai waɗancan yaɗuwa. Ana jin ta kamar jitar bes mai sauti ƙasa-ƙasa, amma jita ce da Jack White ya bi da ita ta akwatin DigiTech Whammy ya saukar da sautinta ninki ɗaya, wato daidai da gaɓa goma sha biyu. Bugu bakwai ne, masu koyo kan yi su a tsirkiya ta biyar: 7, 7, 10, 7, 5, 3, 2. Da yake ana iya rera ta da baki ba tare da sanin Turanci ba, magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam suka ɗauke ta a shekarar da ta fito, 'yan Italiya suka mayar da ita taken nasararsu a gasar cin kofin duniya ta 2006, kuma har yau ana jin ta a filayen ƙwallo. Inda masu koyo ke tuntuɓe a cikinta shi ne lokaci: bugun farko dogo ne, na biyu gajere yana shigowa a makare, biyun ƙarshe kuma kowanne yana cin rabin awo, wato tsawon ƙidaya biyu cikin huɗu, ba a gaggauta su.