Waiwaye: Shekarar da dutsen Birnin Kudu ya yi amo

Kwanakin nan duk majalisar da ka zauna a Kano, ta bakin titi ce ko ta Facebook, sai ka ji an taɓo kayan tarihi. Wannan na kukan badala da ake gutsurewa ana gini a kanta, wancan na nuna hoton ledojin da suka taru a gindin Dala. Tun da Jamus ta fara mayar da kayan Benin a 2022 kuma, tambayar ta ƙara zafi: mu namu ina suke? Ana magana kamar jiya jiya abin ya lalace, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Masu haƙar kuza sun tono kan yumɓu a Nok, wani ƙauye a kudancin Kaduna, a 1928. Wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya zo a matsayin jami'in mulki, shi ya gane cewa irin waɗannan kawuna aikin al'umma guda ne. Ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zama shugaban sashen kayan tarihi na ƙasa a 1957, ya koma Oxford a 1963, ya kuma tono wuraren narkar da tama a Taruga da ke kusa da Abuja. Da an ambaci sunansa, Nok ake tunawa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1955. A shekarar Fagg yana Birnin Kudu, wadda a lokacin ƙasar Kano ce, yana nazarin zanen da ke jikin duwatsun garin, irin su Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Yawancin zanen na shanu ne, kuma da yawansu ba su da tozo: wasu dogayen ƙaho, wasu gajeru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saniya marar tozo ta riga mai tozo zama a Afirka ta Yamma, don haka wanda ya zana su ya ga garken da yau ba ka ganin irinsa a dajin Kano. Kusa da zanen kuma sai ya lura da wasu duwatsu masu 'yan ramuka sumul a gefensu. Idan ka ɗauki ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa, sai su yi amo kamar ƙararrawa, kowane gurbi da muryarsa. Ramukan nan sawun hannaye ne, na mutanen da suka yi ta kaɗawa shekara da shekaru.

Ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Fagg bai tarar da kufai ba. Ya tarar da mutanen gari sun san duwatsun, har ya rubuta cewa amare na zuwa Dutsen Murufu a hidimar bikinsu. Wato a wannan shekara ilimi biyu sun haɗu a inuwar dutse ɗaya, na masani mai awo da kwatanta zane, da na tsohuwar da ta san ranar da ake zuwa da abin da ake yi. Na farkon ya yi tafiya mai nisa. Fagg ya buga bincikensa a mujallar masana a Ingila a 1956, aka shiga gano irin waɗannan duwatsu masu amo a wasu sassan Najeriya da Afirka, kuma bayan rasuwarsa a 1987 matarsa Catherine ta fitar da littafi sukutum a kansu a 1997. Na biyun kuwa, wanda yake bakin iyayenmu da harshenmu, mu ne ya kamata mu ɗauka mu rubuta, mu haɗa shi da na masanin, mu karantar da yara. Ni dai duk karatun da na yi a Kano ban ji sunan Dutsen Mesa a aji ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tarihin da muke so shi ne na sarauta, daga Bagauda zuwa Rumfa zuwa Dabo. Abin da ya gabaci wannan sai mu ce aikin Maguzawa ne, mu kau da kai. Ka hau Dala ka tambayi yaran da ke wasa a can, za su ba ka labarin Barbushe da Tsumburbura tiryan tiryan. Amma da wuya ka sami wanda ya san cewa bincike ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda. Da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 ma, a zuciyar Bakano da yawa Birnin Kudu ta zama garin wasu, duk da cewa ka bi ta Wudil ka je ka dawo a wuni guda.

Bara na je da ɗan ƙanwata, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Wani dattijo da muka tarar a gindin dutsen ya tsinci dutse kamar ƙwan agwagwa, ya buga gurbi uku a jere, amon ya ratsa har cikin ƙirji. Na ce, "Baba, wa ya koya maka?" Ya ce, "Ɗana, a bayan iyata na gani, tana yi." Yaron bai ma saurare mu ba, ya ɗaga kai yana kallon jan zanen da rana da ruwa suka fara cinyewa. Can sai ya ja hannun rigata.

"Kawu, me ya sa shanun nan ba su da tozo?"

Na ba shi amsa, amma da Turanci na karanto ta, a takardar da aka rubuta tun kafin a haifi mahaifiyarsa. Dattijon ya matso kusa, ya ce in maimaita a hankali, shi ma bai taɓa ji ba.