Ma'anar "niyon", iskar da ke haskaka allunan talla

Duk wanda ya bi Titin Gidan Zoo ko Titin Murtala Muhammad a Kano bayan sallar isha'i zai ga allunan shaguna da na gidajen abinci suna haske da ja da shuɗi da kore, kuma masu haɗa alluna kan kira irin wannan haske "niyon". Asalin kalmar sunan wata iska ce marar launi, marar wari, wadda William Ramsay da Morris Travers suka gano a Landan a shekarar 1898, suka raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin "sabo". Tana cikin iskar da muke shaƙa, amma kaɗan ce ƙwarai, kusan kashi 18 cikin miliyan, shi ya sa sai an sanyaya iska har ta zama ruwa kafin a ware ta. Wani Bafaranshe, Georges Claude, shi ya fara nuna fitilarta ga jama'a a Paris a 1910.

Yadda ake yin allon abin sha'awa ne. Ana gasa siririn bututun gilashi a wuta har ya yi laushi, a lanƙwasa shi ya ɗauki siffar harafi, a zuƙe iskar cikinsa, a zuba niyon ɗan kaɗan, sannan a toshe bakinsa biyu da 'yan ƙarafan da wuta za ta bi. Taransifoma ce ke ɗaga ƙarfin wutar, wani lokaci har volt 15,000, kuma da zarar ta ratsa iskar sai bututun ya ɗauki haske. Babu abin da ke ƙonewa a ciki, domin niyon ba dangin gas ɗin girki ba ce, ba ta kama wuta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, niyon tsantsa launi ɗaya take bayarwa, wato ja mai ratsin ruwan lemo, kamar garwashi. Shuɗin da ake gani aikin wata iska ce, argon, wadda ake haɗawa da ɗigon zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa. Argon ce kuma wasu masu walda ke amfani da ita. Kore da fari da ruwan hoda galibi daga wata hoda suke fitowa da ake shafawa a cikin bututun. Ana amfani da wasu iskoki kamar hiliyom da kirifton da zenon ma, amma ba kasafai ba.

A ganina, zaibar nan ce ta fi cancantar a kula, domin guba ce. Idan bututu mai shuɗi ya fashe a shago, ya kamata a buɗe ƙofa iska ta shiga, a kwashe fasassun da kwali ba da hannu ba, a kuma nisanta yara daga wurin.

Yawancin abin da ake kira niyon a yau babu iska a cikinsa ko kaɗan. Igiyar roba ce da aka jera ƙananan fitilun LED a ciki. Ta fi araha, ba ta fashewa, kuma volt 12 ko 24 ya ishe ta, wanda ya dace da mai shagon da ke dogaro da sola ko ƙaramin janareto. Mai son bambance su ya matsa kusa: na ainihi gilashi ne zagayayye, hasken yana fita ta kowane gefe, wani lokaci har a ji taransifomar tana ɗan gunaguni, na roba kuwa gabansa kawai ke haske.