Za a iya ɓoye sunana a kotu?

Wani ɗan'uwana mai shago a kasuwar Wuse ya samu sammaci kan bashi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, don ya san za a liƙa sunansa a jerin ƙararrakin da ke bakin kotu, magatakarda kuma ya ɗaga murya ya kira shi a gaban jama'a. Ya roƙi lauyansa a sakaya sunan, lauya ya ce, "Alhaji, sai dai haƙuri."

Na tausaya masa ƙwarai, amma lauyan gaskiya ya faɗa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, har da yanke hukunci. Kotun Ƙoli ba ta wasa da wannan. A 2007, a shari'ar wani mai suna Edibo, ta soke shari'ar kisan kai sukutum saboda a ofishin alƙali aka karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa, ba a zauren kotu ba. Idon jama'a shi ne garkuwar talaka. Inda kowa zai iya shiga ya zauna a benci ya saurara, da wuya a murɗe gaskiya don wani mai hannu da shuni.

Sashen dai ya bar 'yar ƙofa. Alƙali na iya fitar da 'yan kallo saboda tsaron ƙasa, tarbiyyar jama'a, walwalar yaron da bai kai shekara 18 ba, ko kare sirrin rayuwar masu shari'ar. Ikon na alƙali ne, shi zai auna hujjar da aka kawo masa, kuma fitar da 'yan kallo bai nufin an goge suna daga takardun ƙara.

Ainihin sakaya suna, doka ta fi tanadar wa masu rauni. A Abuja, sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana bayyana suna, adireshi ko lambar wayar wanda aka zalunta da ta shaidu a shari'o'i irin su fyaɗe, ta'addanci da safarar mutane. Sai a sa haruffa a madadin suna, shaida kuma ya iya magana a bayan labule ko ta bidiyo. Wanda ya fallasa, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana buga sunan yaron da maganarsa ke gaban kotu. Ku duba wa ake karewa a nan: yarinyar da aka keta wa haddi, da shaidan da ake farautar ransa. Wanda ake tuhuma, in ba yaro ba ne, sunansa na nan a fili.

Ɗan'uwan nawa ba ya cikin waɗannan, abin da yake gudu surutun 'yan kasuwa ne. Da ranar ta zo ya sa babbar rigarsa, aka kira sunansa, ya miƙe ya amsa.