Shin doka ta yarda a yi wa birni ruwan bama-bamai?

A daren 9 ga Maris 1945, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka suka zuba wa Tokyo, babban birnin Japan, bama-bamai masu cinna wuta, kusan mutum 100,000 suka mutu kafin gari ya waye. Bayan wata biyar aka jefa makamin ƙare-dangi a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, sai Nagasaki ranar 9. Masu kare wannan aiki har yau hujjarsu ita ce shi ya gaggauta ƙarshen yaƙi.

Abin da ke rubuce a wancan lokaci bai taka kara ya karya ba. Sashe na 25 na ƙa'idojin yaƙi na Hague na 1907 ya hana kai farmaki ta kowace hanya kan garin da ba shi da tsaro. Sai manyan hafsoshi suka ce ai duk garin da ke da bindigogin kakkaɓo jirage yana da tsaro. A 1923 masana suka tsara ƙa'idojin yaƙin sama, amma ba a taɓa mayar da su yarjejeniya ba. A babbar shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan yaƙin, ba wanda aka hukunta saboda ruwan bam a kan birane, domin waɗanda suka ci yaƙin sun yi irinsa a biranen Jamus na Dresden da Hamburg. Duk da haka, a 1963 wata kotu a Tokyo ta ce harin Hiroshima da Nagasaki ya saɓa dokar ƙasa da ƙasa ta zamaninsa, kodayake ba ta ba masu ƙara diyya ba.

Yau kam magana ta fito fili. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, a sashe na 51, ya hana auna farar hula, ya hana harin kan mai uwa da wabi. Ya ma hana irin salon harin Tokyo kai tsaye: idan barikin soja da ma'ajiyar makamai suna warwatse cikin gari, ba a yarda a ɗauki garin baki ɗaya a matsayin wuri guda a rusa ba. Ko wurin soja na gaskiya ne, in ɓarnar da za a yi wa jama'a ta zarce amfanin harin da ake tsammani, doka ta ce a fasa. Nan ne hujjar gaggauta ƙarshen yaƙi ta faɗi, kuma ni ina ganin daidai ne ta faɗi: yaron da ke hanyar makaranta a Hiroshima da safiyar nan ba shi ya ɗaura yaƙi ba. Amurka ta sa hannu a wannan yarjejeniya, amma ba ta tabbatar da ita ba.

Kan nukiliya, Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya (ICJ) ta ce a 1996 amfani da shi galibi ya saɓa dokar yaƙi, sai dai ta kasa yanke hukunci kan halin da wanzuwar ƙasa kanta ke cikin haɗari. Yarjejeniyar haramta makaman ta fara aiki a Janairun 2021. Najeriya tana ciki, amma babu ko ɗaya daga ƙasashe tara masu makaman da ta shiga.