Kiwon Murjani a Tankin Hannu: Tambayoyin Mai Farawa

Ya dace mai farawa ya sayi tankin da wani ya riga ya yi amfani da shi?

Ya dace ƙwarai, ni ma shi nake ba mutane shawara, muddin za a sa ido. Gilashi ba ya tsufa yadda ake zato. Abin da ke tsufa shi ne silikon ɗin da ya haɗa gilasan, kuma shi ke riƙe da duk nauyin ruwan. Kuɗin da ka rage a kan tanki za ka buƙace shi wajen fitila da gishiri da kayan gwajin ruwa, don a nan ne kiwon murjani, wato halittar tekun nan mai kama da dutse ko fure, yake cin kuɗi. In kana da zaɓi, ɗauki mai cin lita 100 zuwa 200. Ƙaramin tanki yana da ban sha'awa, amma ruwa kaɗan nan da nan yake sauya zafi da gishiri, kuskure ɗaya sai ya shafi komai. Sannan ka tabbata don ruwa aka ƙera shi. Akwai akwatunan gilashi da ake yi wa kunkuru ko maciji, gilashinsu siriri ne, ba za su iya da matsin ruwa ba.

Me zan duba kafin in miƙa kuɗina?

Fara da kusurwoyi. Bi kowace gaɓa da yatsa daga sama har ƙasa. Silikon mai lafiya yana da laushi kamar roba, ya manne sosai. In ka ga yana ɓarewa, ko ya bushe yana marmashewa, ko akwai kumfar iska a tsakanin gilasan biyu inda suka haɗu, to akwai magana. Ɓarewar fatar ciki ana iya gyara ta, amma kumfa a cikin ita kanta gaɓar alama ce gilasan sun fara rabuwa, irin wannan a bar wa mai shi kayansa. Kuma sabon silikon ba ya kama tsoho, don haka shafa shi a kan wurin da ke yoyo ba gyara ba ne. Sai an kankare tsohon tas. In za a sake, a nemi silikon na tankin kifi, domin na banɗaki ana sa masa maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga halittun ruwa.

Duba gefunan gilashi ko akwai ɓantarewa ko tsaga, ka haska da tocila don ka ga ƙarzuwa. Sandar da ke tsakiyar bakin tanki ba ado ba ce, ita ke hana gilashin gaba da na baya bankarewa. In ta karye, sai an gyara kafin a zuba ruwa. Tambayi mai shi tun yaushe tankin yake ajiye a bushe, kuma a ina, domin rana da doguwar ajiya suna gajiyar da silikon.

Da ka kai shi gida, kada ka shigar da shi ɗaki tukuna. Ajiye shi inda ruwa ba zai yi ɓarna ba, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa takarda a ƙarƙashinsa, ka cika shi da ruwan famfo, ka bar shi kwana 2 ko 3. Ɗigo ɗaya zai nuna a takardar. Teburin da za ka ɗora shi ma abin dubawa ne: ruwan gishiri lita 200 ya kai kilo 205, in aka haɗa da gilashi da duwatsu an wuce kilo 250. Katakon da ya taɓa shan ruwa ya kumbura ba abin dogaro ba ne.

Me ya sa ake ta nanata maganar jan ƙarfe?

Domin wannan ce illar da ido ba ya gani. Da yawa daga magungunan da ake zuba wa kifi, musamman na ciwon nan mai fito musu da fararen ɗigo a jiki, da sinadarin jan ƙarfe ake haɗa su. Kifi yana iya jure ɗan abin da aka auna, amma murjani da jatan lande da katantanwar ruwa ɗan kaɗan ma yana kashe su. Gilashi ba ya shan sinadarin, sai dai duwatsun teku da yashi suna shanye shi, su riƙa sako shi sannu a hankali har tsawon lokaci. Sai mutum ya yi ta sayen murjani yana mutuwa, ya rasa dalili, alhali duk sauran gwaje-gwajensa daidai suke.

Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: ka taɓa zuba magani a ciki? In ya ce e, ko ya ce bai tuna ba, ɗauki tankin ka bar duwatsu da yashi da soson tace ruwa. Bayan ka wanke, cika shi da tataccen ruwa, bar shi mako guda, ka auna da kayan gwajin jan ƙarfe.

Da me ake wanke shi?

Ruwan khal fari da aka surka da ruwa yana narkar da farin ɓawon da ke manne a gilashi. Sabulu da omo kada su kusance shi. Reza tana kankare gilashi, amma in tankin na roba mai kama da gilashi ne za ta yi masa tabo, kuma ko a gilashin ka nisanta ta daga silikon. In ka yi amfani da bilic, ɗauraye sosai ka bar shi ya bushe ƙarau. Kada ka taɓa haɗa bilic da ruwan khal, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu.

Mai shi ya haɗa mini da yashi da duwatsu da kayan wuta. In yi amfani da su?

Tsohon yashi ka zubar. Dattin shekaru ne a cikinsa, in an motsa shi har warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Duwatsu kuwa suna da daraja in tarihinsu mai tsabta ne. In sun bushe, duk abin da ke raye a jikinsu ya mutu, don haka a jiƙa su a wani bokiti daban cikin ruwan gishiri da famfo mai motsa ruwa, ana sauya ruwan har warin ya tafi kuma amoniya, gubar da ruɓewa ke haifarwa, ta daina fitowa a gwaji. Famfuna a jiƙa su a ruwan khal, a duba waya da maganaɗisu ko sun yi tsatsa. Hita kam sayi sabuwa. In tsohuwa ta maƙale a kunne, cikin dare ɗaya za ta dafa maka tanki. Kuma ka sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurara, ka bar kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai.

Zan iya haɗa ruwan da gishirin girki da ruwan famfo?

A'a. Gishirin da ake sayarwa don tankin teku yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su. Ruwan famfo kuma yakan zo da kulorin, da kuma fosfet da silika, waɗanda abincin gansakuka ne. Ana amfani da ruwan da na'urar tacewa ta musamman ta cire masa komai, wadda masu kiwo ke kira RO/DI. Abin da ake nema shi ne gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishiri, zafi digiri 24 zuwa 26, kalsiyam wajen miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. A kwaɓa a bokiti, ba a kan halittu ba. Abu ɗaya da masu farawa ke yawan mantawa: ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa. In ruwan tanki ya ja baya, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa.

Yaushe zan sa kifi?

Ba a makon farko ba. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce. Sai ƙwayoyin bakteriya sun zauna a duwatsu, wasu su mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret mai sauƙin illa. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ana ciyar da bakteriyar da ɗan abincin kifi ko amoniya ta kwalba, ana gwaji, har amoniya da naitirait su koma sifili. Bayan nan za ka ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi. Kada gabanka ya faɗi, kusan kowane sabon tanki yana yin haka, kuma tana wucewa. Fara da kifi biyu kawai. Ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi, Amphiprion ocellaris, ana hayayyafa shi a tanki, yana da juriya, kuma in ka sayi wanda aka hayayyafa, ba a ɗebo shi daga teku ba. Daga nan ka saba da sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu.

Wane murjani zan fara da shi?

Murjani dabba ce, ba tsiro ba, amma a cikin namansa akwai ƙananan gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi. Shi ya sa fitilar tsohon tankin ruwan daɗi ba za ta wadatar ba. Ana son mai ƙarfi, mai rinjayen shuɗi. Fara da masu laushi, irin su mai kama da laimar kwaɗi da mai kama da fata, domin suna yafe kuskure. Masu rassa irin Acropora ka jira sai tankin ya yi kusan shekara ruwansa bai yin sama da ƙasa.

Akwai gargaɗin da ba na so a tsallake. Wasu nau'o'in Palythoa da Zoanthus, masu kyau kamar ƙananan furanni, suna ɗauke da guba mai tsanani da ake kira falitoksin, kuma sau da yawa suna maƙale a jikin duwatsun hannu ba tare da mai saye ya lura ba. Sa safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su. Kada ka tafasa dutsen teku ko ka kwara masa ruwan zafi don ka tsabtace shi, domin tururin yana ɗaukar gubar, kuma duk wanda ke cikin gidan zai shaƙe ta.