Mayik ɗinka lafiyarsa ƙalau, haɗin ne ba daidai ba: amsoshi ga masu karaoke da kwamfuta

Wlh na gaji da amsa tambaya ɗaya. Tunda mutane suka fara mai da tsohuwar kwamfuta akwatin kiɗa, a loda mata waƙoƙi a jona da talabijin baiti na gudu a allo kowa na bi, ba na yin sati ban samu kira ba, wani ma ƙarfe sha ɗayan dare cikin sanyin nan na Jos, wai "oga kiɗa na tashi amma murya ba ta fita". Na daɗe ina haɗa sauti a wuraren biki daga Farin Gada har Bukuru, to ga amsoshin a wuri ɗaya, wanda ya sake kirana nan zan turo shi.

Mayik ɗina ne ya mutu?

Da wuya. Duba makunnin jikinsa tukuna, kar ka ji kunya, manya ma sun sha mantawa. In na iska ne, wato marar waya, canza batir.

To me ya sa muryar ba ta da ƙarfi?

Saboda ka soka shi a kwamfuta kai tsaye. Mayik na hannu irin na mawaƙa, wanda ake kira dainamik, samfurin Shure SM58 da 'yan uwansa, wutar da yake fitarwa 'yar mitsitsiya ce, 'yan milivolt kawai, alhali kiɗan da kwamfuta ke turawa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Shi kuma ramin mayik na kwamfuta an yi shi ne don ɗan mayik ɗin hedifon na kiran bidiyo. Dole a samu abin da zai ɗaga muryar kafin ta haɗu da kiɗa, kwamfutarka kuwa ba ta iya wannan aikin da kyau ba.

Na soka ko motsi babu

In desktof ce, rami mai ruwan hoda shi ne na mayik, kore na sifika, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. In laftof ce mai rami ɗaya tal, wannan ramin kan waya mai zobe uku yake so, adaftar da ka saya a bakin titi zobe ɗaya ko biyu gare ta, laftof ɗin ba za ta ga mayik ɗin ba. Nemi 'yar wayar da ke raba ramin gida biyu.

Me zan saya?

Mikisa, wato na'urar da ke ɗaga murya ta haɗa ta da kiɗa. Ƙarama ma ta isa, mai ramin mayik biyu irin su Behringer Xenyx 802 ko ƙananan Yamaha MG. Mayik ya shiga mikisa da waya mai ƙafa uku wato XLR, kiɗa ya fito daga kwamfuta ya shiga wani layin na mikisar, daga nan komai ya wuce amfilifaya da sifiku. Kwamfuta aikinta kiɗa da rubutu a allo, murya ba ruwanta da ita. Da mutane za su ji wannan da na huta.

Saitin ma ba wuya: maɓallin ƙarar layin mayik a kan alamar 0 ba a kashe ba, mawaƙi ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, kana murɗa maɓallin Gain na sama har jar fitila ta fara ƙiftawa, sai ka ɗan dawo baya. Bayan nan ka shigo da kiɗa a hankali ya zauna ƙarƙashin murya. Rabin masu cewa mayik ba ƙarfi kiɗa ne suka ƙure, ka rage kiɗan malam, ba gasar DJ ake ba.

Ba ni da kuɗin mikisa yanzu, kuma bikin jibi ne. Ba dabara?

To nan fa sai a hankali, don amsar ta danganta da irin kwamfutarka, abin da ya yi a ta wani ba lallai ya yi a taka ba, kuma ban yi maka alkawarin komai ba. A Windows shiga saitin Sound, ɓangaren Recording, zaɓi mayik ɗin ka buɗe Properties sannan Levels. Kai na farkon kusa da 100. In ka ga Microphone Boost a ƙasansa, fara da +10, in bai isa ba +20, amma +30 yawanci shuuu ɗin da zai kawo ya fi muryar yawa, domin duk ƙarar da ke cikin katin sautin, wato ɓangaren kwamfuta mai kula da sauti, yake ɗagawa tare da kai. Wasu kwamfutocin ba su da shi sam, kar ka ɓata dare kana nema. In akwai Enhancements kashe su, musamman mai rage hayaniya, an yi shi don magana ne, da ka ja murya sai ya ɗauka hayaniya ce ya datse ka. Sannan a shafin Communications zaɓi Do nothing, don Windows kan rage sauran sauti da kashi 80 in ta zaci kira kake yi, sai ka ji kiɗa na faɗuwa yana tashi ka rasa dalili.

Saura babbar matsalar: yadda muryar za ta fito a sifika. Kowa Listen to this device da ke cikin Properties ɗin mayik yake dannawa, kuma eh za ka ji kanka, amma a makare, sai ka furta kalma sannan ta biyo ka a baya kamar mai amshi, saboda sai kwamfuta ta ɗauki muryar ta juya ta sannan ta sako. Wani yana iya jurewa, mafi yawa harshensu ke sarƙewa tun baiti na biyu. In ka yi sa'a katin sautinka na kamfanin Realtek ne, leƙa Playback, Speakers, Levels, a wasu akwai layin Microphone a rufe a can, buɗe shi ka kashe Listen ɗin, wannan hanyar kusan ba ta da jinkiri. In babu, wasu na amfani da wata manhaja ASIO4ALL su rage jinkirin, yana yi wani lokaci, wani lokaci kuma ya riƙe katin sautin shi kaɗai kiɗan ya ɗauke gaba ɗaya, ni dai ba zan gwada shi ranar biki ba. Akwai kuma ƙananan akwatunan sauti na USB masu Direct Monitor, wato maɓallin da ke fitar da murya kai tsaye ba ta bi ta kwamfuta ba, suna da kyau, sai dai kuɗinsu ya kusa na mikisa. Gaskiya in jibi ne, je ka ari mikisa wajen mai haya ko wani ɗan uwa, ba abin kunya ba ne.

Sifikar Bluetooth fa?

A'a. Jinkiri kan jinkiri. Sa waya.

Da na ƙara sai sifika ta yi kuka kiiii

Ka tsaya a gaban sifika ne, ko kana nuna ta da mayik. Sifiku su kasance gaba da mawaƙi suna kallon jama'a. Kuma dan Allah samari ku daina dunƙule kan mayik da tafin hannu don ku yi kama da wani a bidiyo, kuna toshe ramukan bayansa ne, da su yake ƙin ɗaukar sautin da ke fitowa ta baya. Riƙe shi a gindi, kusa da baki kamar yatsu biyu. Duk sanda ka ninka nisan, kusan 6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ka zubar. Masu riƙe shi a ƙirji kamar kofin shayi su ne ke fara cewa kayana ba kyau.

Ina jin huuum in an kawo wuta ko an ta da janareta

Kwantar da hankalinka, ba abin da ya ƙone. Zare cajar laftof ka saurara, in ya yi shiru to daga nan ne. Jona kwamfuta da mikisa da amfilifaya a soket guda, in bai bari ba sayi 'yar na'urar nan ground loop isolator ka sa tsakanin kwamfuta da mikisa. Wanda ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta earth mai kare ka daga jan wuta, kar ka saurare shi, mayik ƙarfe ne kuma a leɓenka yake.

Maɓallin 48V ɗin nan na jikin mikisa zai ƙara ƙarfi?

Ba zai ƙara ba. Na mayik ɗin situdiyo ne mai buƙatar wuta. Bar shi a kashe.

Eko nawa zan sa?

Kaɗan, yadda za ka ji daɗi ba tare da kalmomi sun narke ba. Shi ma yawansa na jawo kukan sifika.

Duk na yi, murya na fita ras, amma abokina in ya karɓa ba daɗi

Wannan kam ba aikina ba ne. Ba shi ruwan ɗumi, a miƙa wa na gaba.