Dandalin birnin Rum na dā ba kasuwar cefane kaɗai ba ne

An daɗe ana cewa dandalin da Rumawa ke kira Forum kasuwa ce kawai, inda ake sayen nama da kifi. Masu faɗin haka suna da ɗan dalili, domin a farkon zamani mahauta sun yi rumfuna a dandalin birnin Rum.

Sai dai tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa aka tashi mahautan, 'yan canji suka maye gurbinsu. Dandalin ya zama wurin shari'a da siyasa da ibada: ga zauren majalisar dattawa, ga dakalin da ake hawa a yi wa jama'a jawabi, ga ɗakunan bauta. Shanu suna da tasu kasuwar a bakin kogin Tiber, kayan lambu ma haka. Nama da kifi kuwa aka gina musu kasuwa ta musamman mai suna macellum.

Garin Pompeii na Rumawa, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne a shekarar 79 bayan haihuwar Annabi Isa, shi ya fi nuna abin a fili. An toshe hanyoyin shiga dandalinsa da duwatsu don kada amalanke ya ratsa. Kasuwar abinci tana kusurwar arewa maso gabas cikin katangarta, kuma a magudanar ruwan tsakiyarta aka tono ɓawon kifi da ƙayoyinsa. Wannan shaida ta fi gamsar da ni.

Mai son tabbatarwa ya nemi taswirar Pompeii a intanet, ya duba sunan kowane gini da ke kewaye da dandalin. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.